Gado na Huɗu a Likitar Gure

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu isa. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gidan likita na Gure, inda ya yi aikin amfirme, wato mai jinyar marasa lafiya, shekara goma sha tara, aka binne shi kafin la'asar. Ba na gari. Ina kan hanyar dawowa daga Damagaram da jakar wasiƙu, wadda ita ce sana'ata. Na iso ranar sadakar uku, na tarar da tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin hanya.

Zan faɗi abin da na gani a zaman makokin bi da bi, domin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanen unguwa sun zo, sun yi addu'a. Kusan kowannensu ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tauri." Suna faɗin taurin kamar wani zunubi ne da suke roƙa masa gafara a kansa. Bayansu mahauta suka zo gaba ɗaya, babbansu a gaba, wanda ɗan yatsansa na hagu ya guntule. Ya ƙi zama kan tabarma. A ƙasa ya zauna, yana share ido da bakin riga, yana cewa, "Ko mutuwar ma sai da ya yi ta da rana tsaka, don kowa ya gani." Daga ƙarshe mutanen Gidigir suka iso, dangin Inna matar Kawu. Sun miƙa hannu da ƙyar, suka zauna jikin wancan bangon. Ɗaya daga cikinsu ya karkata ga na kusa da shi ya ce da harshensu na Manganci, yana zaton ba na ji, "Abin da ya rubuta wa wani, shi ya ci shi."

Kuturta yake nufi. Kafin azahar maganar ta shiga cikin gida. Na ga an ware ƙwaryar da Kawu ke shan fura an kife ta bayan rumbu. Na ji wata tana tambaya ko waɗanda suka yi masa wanka sun wanke hannu da toka.

Ni ba malami ba ne. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, sauran a bayan raƙumi na koya. Amma Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa na girma, kuma a jakata duk takardun wannan magana suka je suka dawo. Saboda haka zan faɗe ta daga farko, wanda ya ji haushi ya ji.

Na fara da aikinsa, don da yawa cikin masu zaginsa ba su san shi ba. Sun san yana wanke miki, yana ba da kinin, yana riƙe ƙafar mai kurkunu. Ba su san littafin ba. Babban littafi ne mai baƙin bango. Duk wanda aka kwantar a likita yana da layi guda a ciki: sunansa, garinsu, ranar shiga, ranar fita, sai ƙaramin gida a ƙarshe. A wannan gida ake sa lambar ciwo. Nasara sun jera cututtuka a takarda, kowace da lambarta, zazzaɓi da tasa, tarin fuka da tasa, kuturta da tata. Ƙarshen wata a kwashe lambobin a kai biro, ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ni kuma in kai su Damagaram, daga can su wuce inda ba a taɓa ganin fuskar ɗan Gure ba. Kawu yakan ce, "A can, lambar nan ita ce mutumin."

Alƙalami biyu gare shi. Akwai kireyo, na itacen nan da ake iya gogewa, kullum yana maƙale a kunnensa. Akwai na tawada, wanda ke kulle cikin akwati tare da kwalbarsa, mabuɗin yana rataye a wuyansa kusa da laya. Da mutum ya kwanta, sai ya sa masa lamba da kireyo. Ba ya buɗe akwatin sai shaida uku sun haɗu. Ta farko, abin da ido ya gani a jikin mara lafiya. Ta biyu, takardar gilashi: in lokotoro, babban Baturen likita, ya ɗebi jini ko majina, ko ya kankari fata ya shafa a ɗan gilashi, ni ke kai wa Damagaram a duba a madubin likita, don Gure ba ta da shi, in dawo da amsa. Ta uku, hannun lokotoro a ƙarƙashin amsar, yana cewa wannan ciwon na wannan mutumin ne. In ɗaya ta rasa, akwati na nan a kulle.

Na taɓa ce masa, "Kawu, madubi ya fi ido gani. In takarda ta faɗa, me ya rage?"

Ya ce, "Madubi ya ga gilashi. Bai ga mutum ba. Mai madubin yana kwana huɗu daga nan, bai san ko mai jinin dogo ne ko gajere ba."

"To ai kai ka san shi."

"Ni amfirme ne. Haɗa gilashi da mutum aikin lokotoro ne. Ran da na fara yi masa aikinsa, ran nan kowa zai fara yi mini nawa." Sai ya ƙara da maganar da duk gidanmu ya haddace: "Tawada ba ta tuba."

Haka yake a komai. A soja ya koyi boko, yana babba, yana ɗaukar masu rauni, shi ya sa yake rubutu a hankali kamar mai shuka. In zai wanke miki, ruwa a dama, auduga a hagu, ba ya sauyawa ko gobara ake. Akwatin gilashi kuwa shi ke naɗa mini da kansa: auduga, sannan ƙyalle, sannan tsakiyar jaka, nesa da jikin raƙumi saboda gumi. Wata rana na cusa dabino a jakar don guzuri. Da ya gani bai yi faɗa ba. Ya zazzage dabinon gaban awakin likita, ya tsaya har suka cinye, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗana." Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin. Ban sake ba.

Yanzu maganar gado na huɗu.

Ɗakin maza na likita gado shida ne. Na ɗaya yana can ƙurya, wurin inuwa. Na huɗu yana bakin ƙofa, rana na dukansa daga azahar har la'asar, awaki na leƙowa. Shekara biyar ke nan, bayan kaka, aka kwantar da mutum biyu a mako guda. Ɗaya mahaucin nan ne mai guntun yatsa. Wuƙa ta yanke shi, wurin ya ruɓe, lokotoro ya cire gaɓa ɗaya, hannun ya kumbura kamar gwanda. Ya riga zuwa, aka ba shi gado na ɗaya. Na biyun yayan Inna ne, wanda duk muke kira Yaya, dattijo manomi daga Gidigir. Ya taka garwashi a gona, tafin ƙafa ya zama gyambo. Gado na huɗu ne ya rage, nan aka sa shi.

Tsakanin Kawu da mahaucin nan ba shiri. Kawu ya taɓa hana shi sayar da naman saniyar da ya ga alamar ciwo a huhunta, mahaucin ya tsaya tsakiyar kasuwa ya kira shi bawan Nasara, mai kireyo a kunne kamar tela. Sunan "mai kireyo" daga nan ya bi shi.

Lokotoron da muke da shi lokacin sabon zuwa ne. Da ya duba ƙafar Yaya, ya ga dattijon bai motsa ba ana ƙwaƙular mikin, sai ya sa aka cire masa riga, ya ga wani fili mai haske a bayansa. Ya kankari fatar kunnensa ya shafa a gilashi, Kawu na riƙe da kunnen. Sunayenmu suna ba Baturen nan wuya, kuma rabin ɗakin suna ɗaya gare su, sai ya rubuta a jikin gilashin: gado na huɗu. Da safe na ɗauki akwati na kama hanyar Damagaram, shi kuma ya hau doki ya tafi rangadi wajen makiyayan Alakos, tafiyar da ba a dawowa kafin wata ɗaya da rabi.

Ran nan da azahar, mahauci ya ɗaga kai ya ga rana na gasa dattijo a bakin ƙofa. Ya tashi da hannunsa a rataye ya ce, "Baba, tashi ka koma can ƙurya. Ni ɗan fawa ne, ni da rana mun saba, kullum tare muke cin kasuwa." Yaya ya yi ta ƙi, mahauci ya ɗauke masa buta da bargo ya kai gado na ɗaya. Shi ke nan. Duk ɗan da aka haifa a gida zai yi haka. Kawu ya gani, ya ji daɗi, bai ce komai ba. Daga baya da bakinsa ya ce mini, "Nan na yi kuskure. Na ga ladabi na shagala, na manta gilashi ya tafi da lambar gado." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani abu ba, kafin nan ko bayan nan.

Kwana goma na dawo. Ƙa'ida ce duk wasiƙa ta fara sauka a biro, kuma da yake lokotoro ba ya nan, tafintan kumandan ya buɗe ta likita. Takarda ta ce an ga ƙwayar kuturta a gilashin gado na huɗu. Tafinta ya ɗauki gardi guda, cikin masu tsaron bariki, suka nufi likita. Suka ƙirga gadaje. A na huɗu ga mutum kwance da kumburarren hannu da guntun yatsa. Wa zai ƙara tambaya?

Kafin la'asar kasuwa ta ji. Washegari ƙannen mahaucin suka yanka rago, ya kwana a rataye ba wanda ya taya. Dokar bariki kuwa, wanda aka sa wa lambar kuturta da tawada, sunansa ya shiga wata takarda dabam, a fitar da shi bukkokin bayan gari, kuma shi da taɓa abincin sayarwa har abada. Ga mahauci wannan yanka ne ba wuƙa. Yana da 'ya'ya mata uku, an riga an kawo gaisuwar babbar.

Tafinta ya zo da takarda ya ajiye kan teburin Kawu.

"Malam amfirme, wata ya ƙare jibi. Ga amsa ta zo. Sa lamba mu rufe."

Kawu ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa cikin littafi. "Lokotoro bai sa hannu ba."

"Lokotoro yana Alakos yana shan nono. Kai ba ka da ido? Dubi hannun mutumin."

"Ni na naɗe hannun. Wuƙa ce."

"To na wane ne gilashin?"

"Na gado na huɗu, in ji takarda."

Tafinta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce, "Sai ka faɗa wa kumandan haka."

Da ya fita na matsa kusa. Na ce, "Kawu, kai ka riƙe kunnen da aka kankara. Ka san na wane ne."

"Na sani."

"To ka fita ka ce ba na mahauci ba ne, mutane su sayi nama."

"In na ce ba nasa ba ne, za su ce na wa? Ɗakin gado shida ne, ba za su sha wuyar ƙirga ba. Ka ga na rubuta wa Yaya da harshe ke nan, harshe kuwa ya fi tawada wuyar gogewa. Sannan in an iya rikita gado a Gure, wa ya ce ba a rikita gilashi a Damagaram? Sanina shaida ɗaya ce."

Inna ba ta iya karatu ba, amma ita ke kai wa Yaya abinci, ta san gadon da ya fara kwanciya. Ranar da yamma, muna tsakar gida, ta ajiye wa Kawu tuwo, ba ta koma ba. Ta durƙusa gefe.

"Malam, takarda ta ce gado na huɗu."

"Haka ta ce."

"Wanda ke gado na huɗu yana nan kwance. Ba kai ka rubuta takardar ba, ba kai ka kwantar da shi can ba."

"Ba ni ba ne."

"To me ya rage maka? Mutumin da ya kira ka bawa a gaban kasuwa. Yaya kuwa shi ya ba ka ni, ba ka da ko akuya."

Kawu ya daɗe yana kallon tuwon. Ya ce, "Da mahaucin nan ya yi kwanciyarsa ya bar Yaya a rana, da yau ƙannensa sun sayar da ragonsu. Ɗan'uwanki ya yi wa ladabi. Da ladabin zan yanka shi?"

Ta ce, "To Yaya za ka yanka."

"Ba na yanka kowa. Lokotoro nake jira."

Ta ɗauke tuwon bai taɓa ba.

Ran ƙarshen wata ina tsaye a barandar biro ina jiran a ba ni jaka, aka shigo da Kawu da littafinsa a hammata. Da kunnena na ji. Kumandan ya tambaye shi, ta bakin tafinta, ko ya iya karatu. Ya ce ya iya. Ya ce me takarda ta ce? Kawu ya faɗa daidai. Kumandan ya tura masa kwalbar tawadarsa ta kan tebur ya ce to ya rubuta.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan lambar nan na mutum ne. Gado ba ya kuturta. In ana so in buɗe wa gadon layi, da sunan garinsu da ranar shigarsa, sai in buɗe."

Tafinta ya fassara rabin farko ya haɗiye sauran. Kawu ya juya ya faɗi sauran da kansa, da Faransancinsa na soja. An yi niyyar kulle shi kwana takwas, aka mai da shi goma sha biyar. Wannan wata na tafi Damagaram ba lambobin Gure a jakata.

Abu biyu ya yi a kwanakin nan da nake so a riƙe. Na farko, ya roƙi babban gardi a riƙa fito da shi kowace safiya ya wanke wa marasa lafiya miki, a mai da shi. Aka yarda, don ba wani mai yi. Mutanen Gure sun ga amfirmensu na tafiya likita da gardi a bayansa, kireyo a kunne, ba ya kallon kowa. Na biyu, in ya gama aiki, sai ya sa a fito da mahauci baranda, wadda ke fuskantar hanyar kasuwa, a kawo ƙwaryar fura guda. Su zauna su biyu, hannu na shiga, hannu na fita. Bai ce wa kowa komai ba. Masu wucewa su tsaya, su yi kamar suna gyara kaya, su wuce.

Mahaucin bai gode ba a lokacin. Ina ji ya ce, "Mai kireyo, furar nan ba za ta aurar mini da 'ya ba. Ka buɗe baki ka wanke ni."

Kawu ya ce, "Sha, kana zubarwa."

"Kai dai Allah ya yi ka da dutse. Ko jakin kanwa ya fi ka jin magana."

"Jakin kanwa ba ya riƙe littafi."

Masu neman 'yar suka janye. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Jiran Kawu ya ci wa gidan nan aure guda, kuma bai taɓa cewa bai ci ba.

Da lokotoro ya dawo, Kawu ya ba shi labari tun daga sauya gado, ya fara da nasa laifin. Baturen ya yi ja har kunne. Ya sake kankarar mutum biyun, kuma wannan karo Kawu ne ya rubuta a jikin kowane gilashi sunan mutum, da na ubansa, da garinsu. Tun daga ranar ba a sake aika gilashi daga Gure da lambar gado ba. Na je na dawo cikin kwana takwas, raƙumin bai yafe mini ba. Gilashin mahauci babu komai. Na Yaya akwai. Lokotoro ya sake duba bayan dattijon, ya soka allura a filin nan bai ji ba, sannan ya sa hannu.

Ina wurin da Kawu ya ciro mabuɗi daga wuyansa. Inna na tsaye bakin taga da kwanon abinci. Ya goge kireyon layin mahauci, ya sa lambar rauni da tawada. Sannan ya juya shafi zuwa layin Yaya.  Ya rubuta, ya busa, ya rufe. Sannan ya je gado na ɗaya ya durƙusa, ya faɗa wa dattijon da bakinsa.

Yaya ya ce, "Tashi, Malam. Ni na sani tun ran da na ji ƙaurin ƙafata kafin in ji zafinta. Yaron nan mai nama, an sake shi?"

"An sake shi."

"To madalla. Da na mutu da nauyinsa."

Dangin Gidigir ba su ji wannan ba, ko sun ji sun ƙi riƙewa. Abin da suka riƙe shi ne surukinsu ya sayar da gida saboda ɗan fawa. Lokotoro ya yarda Yaya ya koma garinsu, aka yi masa bukka a gefen gonarsa. Inna ta bi shi, ta yi shekara guda ba ta taka Gure ba. Kawu bai aika bikonta ba, bai kuma yi wani aure ba. Abin da ya yi, duk wata sai ya hau bayana a raƙumi, da kwalbar man allurar da ake yi wa masu ciwon, in sauke shi Gidigir in wuce, in ɗauko shi a dawowa. Ya yi wa Yaya allura, ya yanke masa farce, ya duba tafin ƙafa ko ƙaya ta shiga bai sani ba. 'Yan'uwan da ke zaginsa daga nesa suke ajiye abinci su tura da sanda. Shekara huɗu ana haka. Da Yaya ya rasu daminar bara, aka tsaya kallon kallo a kan wanka. Kawu ya naɗe hannun riga, ruwa a dama, ƙyalle a hagu.

Wannan shi ne mutumin da aka zauna a ƙofar gidansa ana cewa abin da ya rubuta wa wani ya ci shi.

Ciwonsa ya fara bayan sallar layya. Ya rame, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Da ya kasa tsayuwa, shi ya buɗe wa kansa layi a littafi, ya sa lamba da kireyo, ya je ya kwanta a gado na huɗu. An yi an yi ya koma ƙurya, har wani saurayi ya tashi zai ba shi nasa. Ya ce, "Zauna inda aka rubuta ka." Lokotoron yanzu ya zuƙi ruwan cikinsa, ya kankari fata kuma don a kashe magana, don tun lokacin an fara raɗe-raɗin. Kawu ne ya naɗa mini akwatin yana kwance, auduga, ƙyalle, tsakiyar jaka. Ya ce, "Ban da dabino." Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Lokotoro ya tafi rangadi Bune, ni na tafi Damagaram.

Amsar tana cikin jakar da na iso da ita ranar sadakar uku.

Washegari amfirmen da aka turo daga Damagaram ya riƙe wurin ya zo gida. Mutumin kirki ne, ya manyanta, ya ji abin da ake faɗa a gari. Ya zo da littafin da takardar da mabuɗin akwati. Muka shiga zaure ni da shi, Inna na bayan asabari cikin takaba. Ya karanta mana abin da ke takardar a hankali. Sannan ya ce, "Inna, amsar a fili take. Bari in sa lambar da tawada yanzu, ɗanku ya fita da littafin nan ya nuna wa mutanen Gidigir kafin su tafi. Kowa ya kama bakinsa."

Ba zan yi ƙarya ba, na miƙa hannu zan karɓi mabuɗin. Kwana ɗaya na yi ina kallon ƙwaryar nan a kife bayan rumbu.

Inna ta ce daga bayan asabari, "Lokotoro ya dawo?"

"Sai nan da kwana ashirin, Inna."

"Ya sa hannu?"

"Bai sa ba. Amma wannan ai..."

"Da wane alƙalami Malam ya rubuta layin?"

Amfirmen ya duba. Ya ce, "Da kireyo."

Ta ce, "To bar masa abinsa. Kwana goma sha biyar ya yi a kulle a kan wannan, ni kuma shekara guda na yi ina fushi da shi a kai. Ba za a karya masa ba yana kwana huɗu a ƙasa." Sannan ta kira ni. "Je bayan rumbu ka ɗauko ƙwaryar nan."

Na ɗauko. Ta dama fura da hannunta ta cika ta, ta sha, ta miƙo mini ta ƙarƙashin asabari ta ce in kai ƙofar gida. Na fita da ita na tsaya gaban tabarmi na sha. Ban gama saukewa ba mahauci ya taso ya karɓa da hannun nan mai guntun yatsa. Ya sha har ta zubo masa a gemu, ya dubi bangon da mutanen Gidigir ke zaune ya ce, "Akwai saura. Ko a turo muku da sanda?"

 Da la'asar mutanen Gidigir suka ɗaura wa jakunansu kaya.

Na san abin da ke cikin takardar nan. An karanta mini, na kuma karanta da kaina. Masu tare ni a kasuwa suna cewa in faɗa musu a kunne, da masu cewa shirun nan ma alama ce, ku ji da kyau: ba zan faɗa ba. Ni mai kai wasiƙa ne. Shaida biyu sun zo, saura ɗaya, tana Bune a kan doki. In ta iso ta sa hannu, za a buɗe akwati, mai son sani ya je likita ya tambaya da rana tsaka. Kafin nan ku faɗi abin da kuka ga dama. Kawu ya ji zagin da ya fi wannan yana raye, bai fasa cin tuwonsa ba, in an bar masa.

Allah, kai ne ba ka bukatar shaida. Ga bawanka nan ya zo maka. Abin da ya yi daidai ka tabbatar masa, kuskurensa kuwa, har da na ranar da ya ga ladabi ya shagala, ka sa ya zama da kireyo aka rubuta. Ka haɗa shi da Yaya a inuwa. Amin.